Dodon Da Ya Fito Daga Akurki

Daga cikin abubuwan ta'ajibi da wannan zamani ya zo da su, waɗanda mai hankali kan ji labarinsu ya yi murmushi ya wuce, alhali kuwa da ya dakata ya yi musu duban basira da ya sami abin ƙaruwa, akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin ma'abota wasan labari a ƙasar Amurka, wadda idan watan Nuwamba ya kama, gidaje suka shiga shirin yanka talotalo saboda idinsu na godiya, sai ka ga samari da magidanta, har da masu furfura a cikinsu, sun ɗauki alƙalami da takarda suna ƙaga dodanni masu siffar wannan tsuntsu, suna raɗa wa kowane dodo suna, suna rubuta ɗabi'arsa da makaminsa da lagonsa, ba da nufin wani ya biya su lada ba, sai domin su ba abokan hirarsu dariya a daren wasa. Wannan ya ƙago ƙaton talotalo mai feso tafasasshen romo maimakon wuta. Wancan ya ƙago gasasshe wanda ya farfaɗo daga cikin faranti, ba kai ba gashi, ya taho neman fansar danginsa da aka cinye shekara da shekaru. Na san akwai dattawa a Kankiya da Kusada waɗanda da jin wannan za su ce lalle ƙoshi ne ya yi wa mutanen nan yawa, kuma ba zan yi musu gardama a kan ƙoshin ba. Sai dai ra'ayina shi ne, abin da waɗannan mutane suke yi da takarda da ƙa'ida, shi ne ainihin abin da yaranmu suka gada suna yi a dandali da baki da tsumma, ga shi kuwa yana neman kuɓuce musu muna ji muna gani, kuma ya kamata a mayar musu da abinsu.

Wajibi ne a fara bayyana wa mai karatu yadda wasan yake, tun da malamai sun hana a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba. A shekarar 1974 ne wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da 'yan ƙananan littattafai uku a cikin kwali guda da sunan Dungeons & Dragons, wanda daga gare shi ne sauran wasannin irinsa suka tsiro. Mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur. Ɗaya daga cikinsu ya zama uban wasa, shi ke riƙe da duniyar labarin, shi ya san abin da ke bayan kowace ƙofa, shi ke magana da bakin sarki da na ɓarawo da na dodo. Sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda daga cikin mutanen labarin ya zama shi, da takardarsa a gabansa inda aka ƙididdige ƙarfinsa da zafin namansa da juriyarsa da basirarsa da hikimarsa da kwarjininsa. Uban wasa ya ce ga ku a bakin kogo, rana ta kusa faɗuwa, me za ku yi, sai kowa ya faɗi abin da ya ƙudura. Idan abin da ya ƙudura mai wuya ne, a jefa ƙwaya irin ta lido amma mai fuska 20, adadin da ya fito a haɗa da wanda ke cikin takardarsa, shi zai nuna ko ya dace ko ya kwashi kashinsa a hannu. Babu wanda ya san ƙarshen labarin, har shi uban wasan, kuma babu wanda ya cinye wani, domin duka tafiyarsu ɗaya ce.

To, da yake jarumi ba ya jarumta sai da abokin karawa, masu wasan sun buƙaci dodanni, har a shekarar 1977 aka tattara musu littafi sukutum mai suna Monster Manual, inda aka jera halittu bisa haruffa, kowace da bayanin taurin fatarta da saurin tafiyarta da yawan dukan da za ta iya sha kafin ta faɗi; tsari ne wanda duk ɗalibin da ya taɓa buɗe Hayatul Hayawan na Shaihu Damiri ba zai yi baƙunta a cikinsa ba, domin shi ma bisa haruffa ya jera dabbobinsa. Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin dodannin da suka fi shiga ran jama'a ba su ne masu ban tsoro ba. Akwai wani wanda bai damu da naman ɗan Adam ba ko kaɗan, ƙarfe kawai yake ci, da zarar ya taɓa takobi ko sulke sai ya yi tsatsa ya marmashe, har ya kasance barden da ba ya gudun zaki shi ne ke ɓuya a bayan mai sandar kara. An kuwa ruwaito cewa Gygax ya samo siffarsa ne daga cikin wata jakar 'yan tsanar roba masu arha da aka ƙera a Hong Kong. Akwai wani wanda ke rikiɗa ya zama akwatin dukiya, ya yi lamo yana jiran mai haɗama ya miƙo hannu. A 1981 kuma aka buga wani littafin, Fiend Folio, wanda da yawa daga cikin halittunsa masu karatun mujallar White Dwarf ta Ingila ne suka ƙago suka aiko, cikinsu har da wata baiwar Allah mai shawagi a iska, wadda in aka kifar da ita rigingine ta gama yawo, sai wani ya tausaya ya juya ta. Wato tun farko wasan bai rayu da abin da kamfani ya buga kaɗai ba, ya rayu ne da ƙirar gida. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi wasan a 1997, ya fahimci haka, ya ba da lasisi a shekarar 2000 wanda ya halatta wa kowa ya gina nasa a kan ƙa'idojin wasan. Da kuwa ya nemi ƙuntata wannan lasisi a watan Janairun 2023, masu wasan suka yi masa ca, bai ga ta zama ba sai da ya janye.

Me ya sa talotalo, duk da yawan tsuntsayen duniya? A wajen Amurkawa dalilin a fili yake, domin tsuntsun ɗan ƙasarsu ne. Mutanen Meziko ne suka fara kiwonsa tun ƙarnoni kafin Turawa su isa can, sa'an nan mutanen Sifen suka ɗauko shi zuwa Turai a farkon ƙarni na 16, daga nan ya bazu cikin duniya; shi ya sa ba za ka same shi a Kitabul Hayawan na Jahizu ba, ko a wajen Damiri wanda ya rasu a 1405, haka nan ba shi da wani gurbi sananne a tatsuniyoyinmu irin na kura ko dila ko zomo. Su kuwa sun mai da shi tambarin idinsu na ranar Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, har ta kai tun daga 1989 ya zama al'ada tabbatacciya shugaban ƙasarsu ya fito bainar jama'a ya yi wa talotalo afuwa daga wuƙa, abin da shi kansa ya isa ya zama wasan tashe. Amma akwai dalili na biyu wanda ya fi wannan ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa zama a tsakar gidan da ake kiwon tsuntsun nan ya san shi ba sai an faɗa masa ba. Namijin zai buɗe wutsiya ya zagaya ta, ya saki fukafukai suna jan ƙasa suna tayar da ƙura, ya kumbura ƙirji, tsokar nan da ke bisa bakinsa ta zazzago ta rufe bakin, fatar wuyansa ta juye daga ja zuwa shuɗi-shuɗi zuwa fari, ya yi taku ɗaya ya tsaya, ya juya domin a gan shi ta kowane gefe, sai ka ce hakimi a ranar hawan sallah, alhali duk wannan taƙama akuya ce ta gifta ta bakin turke. Yaro ya yi masa fito ya amsa da kururuwa, ya sake yi ya sake amsawa, ba shi da ikon kame bakinsa ko da za a wuni ana yi. A watsa tsaba kuwa, nan take ya naɗe wutsiya ya sunkuya tare da kaji. Masu kiwonsa kuma sun san cewa wannan mai girman kai, bayan ya yi kwana 28 a cikin ƙwai, ɗan tsakonsa ya fi na kaza rauni, sanyin damina kaɗai ya isa ya kwantar da shi. Sun kuma san inda taƙamar take ƙarewa, wato a cikin kwandon 'yan kasuwar da ke zuwa saye gabanin Kirsimeti. Allah Ya halicce shi da siffar barazana da zuciyar kaza, don haka wanda zai mai da shi dodon ban dariya an riga an yi masa rabin aikin.

Irin wannan dodo kuwa, mai yawan hayaniya da ƙarancin hankali, ba baƙo ba ne a wajenmu. Wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, ko waɗanda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara wa 'yan makaranta a cikin Tatsuniyoyi da Wasanni, zai ga cewa Dodo, duk da ƙarfinsa da haɗiye mutane da yake yi, galibi ba takobi ne ke kayar da shi ba, wayon yarinya ne ko na ƙaramin yaro. Zai ga kura kullum cikinta ne ke kai ta ga halaka. Zai ga Gizo da tsamin bakinsa yana shiga tsakanin manyan dawa ya fito da riba. Amma tatsuniya baki ɗaya ke faɗi, sauran kunnuwa ne. Inda yaranmu suka zama masu ƙaga abu da kansu shi ne tashe. Da watan azumi ya kwana goma, bayan an sha ruwa, sai ka ga yaro ya samo auduga ya manna a haɓa, ya saka tsohuwar riga ta kakansa wadda ke jan ƙasa, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, ya dogara sanda yana rawar jiki, abokansa na biye da gwangwani suna kiɗa, ga Tsoho da Gemu ya fito. Wani ya rataya layu da tarkacen saiwoyi ya zama Jatau Mai Magani, yana lissafa cututtukan da ba wanda ya taɓa jin sunansu. Ba wanda ya rubuta musu yadda za su yi, kuma kowace unguwa da irin ƙarin da take yi a kan abin da ta gada. Samari kuma suna da kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, inda ake naɗa wannan sarki, wancan gwamna, wancan alƙali, a sami 'yan sanda da likita, kowa ya riƙe matsayinsa har a tashi, a kama mai laifi a yi masa shari'a a ci shi tara, jama'a na dariya. Ashe shiga rigar wani, da magana da bakinsa, da bin ƙa'idar wasa, da barin labari ya tafi inda masu yin sa suka kai shi, duka muna da su tun kafin a haifi Gygax. Abin da ba mu yi ba shi ne rubutawa.

Ga shi yanzu dandalin ya yi sanyi. Ba sai na tsawaita a kan dalili ba, kowa ya sani: waya ta shiga hannun yaro, gidan kallon ƙwallo ya ɗauke samari, rashin tsaro kuma ya sa iyaye da yawa a ƙauyukan jihar Katsina ba sa yarda ɗa ya yi nisa da gida bayan isha'i, kuma suna da gaskiya. Ba wayar nake zargi ba, a cikinta ma ake koyon abubuwa. Abin da ya dame ni shi ne yaron da jiya shi ke ƙaga dodo, yau ya koma ɗan kallon dodon da wani ya zana a wata nahiya, ba shi da ikon ƙara masa ko da ƙaho ɗaya. Wasan tebur kuwa, ko in ce wasan tabarma, tun da mu a kanta muke zama, ba ya bukatar dandali ko duhun dare. Zaure ya ishe shi, da littafin rubutu ɗaya, da fensir, da yara biyar.

Mai cewa aro ne daga Turawa, ya waiwayi maƙwabtanmu. Ingawa dai ga ta nan, da ita da Kankiya da Kusada kujerar wakilci ɗaya suke da ita a Majalisar Tarayya, kuma sunanta ne Malam Ahmadu Ingawa ke ɗauke da shi, wanda ya wallafa Iliya Ɗan Maiƙarfi a farkon shekarun 1950. Asalin wannan jarumi daga labaran gargajiya na Rasha yake, sarkin da ya yi wa hidima da birnin da ya kare duka sunayensu na can ne aka lanƙwasa su suka zauna a bakin Bahaushe, amma ɗalibai nawa ne suka karanta shi suka tashi ba su taɓa zaton ba ɗan ƙasar nan ba ne? Haka Alhaji Abubakar Imam, wanda ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina kafin ya tafi Zariya, ya ɗebo daga Alfu Laila da littattafan Turai da na Gabas ya gina Magana Jari Ce, ya kuma danƙa ragamar labarin a bakin aku, tsuntsu, har ya kai shi ga sarautar waziri. Kafin su duka, Ibnul Muƙaffa ya juyo Kalila wa Dimna daga Farisanci zuwa Larabci a ƙarni na 8, asalinsa kuwa na Hindu ne, malamai ba su ƙyamace shi ba don dabbobi sun yi magana a ciki. Aro ba aibi ba ne. Aibin shi ne a ɗauko abu a ajiye shi yadda aka same shi. In ma ba mu yi ba wasu za su yi mana, domin tun a 2002 wani kamfanin Amurka ya buga littafin wasa mai suna Nyambe wanda aka gina a kan almara da al'adun Afirka, ba kuma da yaran Rimaye ko na Yashe aka yi shawara ba.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, ga misali na ƙaga da kaina, wanda duk yaron da ya ga dama ya ɗauka ya gyara. A ce akwai wani talotalo mai suna Barde Kumburau, tsayinsa ya kai na ingarman doki, ya tare wani mashigi a hanyar da 'yan kasuwa ke bi tsakanin Kusada da Kankiya, ya ce ba mai wucewa sai ya biya jangalin kowace kaza da kowace zabuwa da ya taɓa ci a rayuwarsa. Fadawansa zabi ne guda bakwai, masu amsa duk abin da ya faɗa da murya ɗaya, masu watsewa da jin motsin farko. A takardarsa za a rubuta ƙarfinsa matsakaici, basirarsa ƙasa da ta kowa, kwarjininsa kuwa a ƙure shi, ta yadda duk wanda ya gan shi ya buɗe wutsiya sai an gwada zuciyarsa, in ta gaza ya sami kansa a durƙushe yana cewa ranka ya daɗe ba da son ransa ba. Lagonsa biyu: ba ya iya jin fito ya ƙi amsawa, kuma muddin yana amsawa ba ya iya kai sara, sa'an nan duk kirarin da aka yi masa yana ƙara masa kumburi. Matafiyan kuwa su huɗu ne, ɗan mahauci da wuƙarsa, almajiri da allonsa, 'yar tallar fura, da maroƙi. Yaron da ya ɗauki ɗan mahauci shi zai fara zabura, domin a ganinsa tsakanin mahauci da talotalo ba wata doguwar magana. Uban wasa ya gwada shi, zuciyarsa ta gaza, ya zube yana gaisuwa, zaure ya kaure da dariya. Almajiri ya ce shi zai ja shi da muhawara a kan nisabin jangali, tun da bai taɓa jin an karɓi jangalin abin da aka riga aka ci ba. 'Yar fura ta ce ita fito za ta yi ta yi. Maroƙi kuwa ya ce a bar shi da shi, ya miƙe ya shiga zuba kirari, dole kuma yaron ya ƙago kirarin a nan take da bakinsa, Barde na kumbura yana ja da baya domin a ga girmansa, har ya cusa kansa tsakanin kuka biyu ya maƙale, ayari ya wuce. A wannan ɗan zama kaɗai an yi lissafi, an yi shawara, an saurari juna, an gwada balaga, kuma yara huɗu sun gane da kansu cewa wanda ya fi kowa makami shi ya fara durƙusawa. Manyan da ke gefe kuwa, kowannensu zai tuna wani Barde Kumburau da ya taɓa tarar da shi a bayan tebur a wata ma'aikata, ba sai an ambaci suna ba.

Saura mas'alar da ta fi kowace nauyi, wadda bai halatta ga mai rubutu a ƙasar Katsina ya tsallake ta ba. Imamu Malik ya ƙulla babi a cikin Muwaɗɗa a kan abin da ya zo game da nardi, wato wasan da ake yi da jefa ƙwaya, Ibnu Abi Zaidin kuma a ƙarshen Risala ya bayyana rashin halaccin wasa da shi da shaɗaranji. Waɗannan littattafai ne da ake karantawa a zaurukanmu safe da yamma. Ko ƙwayar da ake jefawa a wasan labari, inda ba kuɗi ba cin wani, ta shiga ƙarƙashin wannan hani ta hanyar ƙiyasi ko ba ta shiga ba, wannan fatawa ce ta malamai, kuma ni ba zan yi musu shisshigi ba. Abin da zan ce shi ne ba mu da bukatar shiga shubuha, domin ƙwayar ba ita ce ruhin wasan ba. Su kansu Turawan, a 1991 wani mai suna Erick Wujcik ya fitar da wasan Amber wanda babu jefa ƙwaya a cikinsa sam. Mu kuwa muna da abin da ya fi ƙwaya daɗi da amfani: mai son tsallake rijiya, uban wasa ya jefa masa kacici-kacici, in ya amsa ya tsallake, mai son rinjayar sarki, a ba shi rabin karin magana ya cika, mai son tsere wa kura, ya maimaita karya-harshe sau uku ba tuntuɓe, babban faɗa kuma, in ana so, a warware shi a gidajen dara 30 da 'ya'ya 12 kowane gefe. Da haka an fitar da sa'a an shigo da ƙwazo, kuma a ganina wasan ya ƙara kyau.

Haka nan batun gumaka da matsafa da ke cike da littattafan Turawa. Ba mu kaɗai ne muka yi ƙyamar wannan ba, domin a shekarun 1980 wasu iyaye da malaman coci a Amurka sun tayar da ƙura a kan wasan suna zarginsa da koyar da sihiri, har kamfanin da ke buga shi a lokacin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Wannan ma hujja ce a kan ƙirar gida, domin wanda ya sayo littafin wani ya sayo har da aƙidar da ke cikinsa, wanda kuwa ya ƙaga nasa shi ke zaɓen abin da zai shiga. Babu wanda imaninsa zai raunana saboda talotalo mai karɓar jangali. Game da lagawu da ɓata lokaci kuwa, ƙa'idar sananniya ce ga duk wani abin mubahi: kada ya ci lokacin salla, kada ya ci na karatu, kada ya ci na gona.

Akwai kuma wani dalili da ya sa na fifita dodon ban dariya a kan na ban tsoro, wanda ya keɓanci wannan yanki da wannan lokaci. Yaron da ya tashi a birnin da ba a taɓa jin ƙarar bindiga da dare ba, yana iya neman tsoro a cikin wasa domin ya ɗanɗana abin da bai sani ba. Yaranmu ba haka suke ba. Da yawa daga cikinsu sun ji labarin ɓarayin daji daga bakin wanda abin ya shafa, wasu sun kwana a gidan dangi a cikin gari saboda ƙauye bai kwanu ba, kuma wanda ya zo musu da wasan da ke cike da yanka da kisa da kama mutane bai kawo musu sabon abu ba, ya dai fama musu miki ne. Abin da suke ƙarancinsa shi ne abokin gaba wanda za a iya tsayawa a gabansa a dube shi da kyau, a gano inda yake da rauni, a haɗa kai a kayar da shi, a kuma yi dariya. Ban ce wannan zai kawo tsaro ba, wannan haƙƙi ne a wuyan hukuma. Na ce dai yaron da ya yi sa'a biyu yana shawara da abokansa yadda za su wuce Barde Kumburau ya kwana da wani abu a ransa wanda ba fargaba ba.

Wa zai fara? Malaman Hausa na makarantun sakandare su ne mafi kusa, domin ɗalibin da aka ce ya rubuta insha'i a kan amfanin noma zai kawo abin da yayansa ya rubuta bara, wanda kuwa aka ce ya ƙago dodo, ya faɗi mazauninsa da abincinsa da kirarinsa da lagonsa, dole ya yi tunani da kansa. Masu nazarin harshe a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, suna iya tattara abin da yaran suka ƙago, na Kafin Soli daban, na Mawashi daban, a buga shi ɗan ƙaramin littafi yadda aka yi wa na masu karatun White Dwarf, da sunan kowane yaro a ƙarƙashin dodonsa. Sharaɗi ɗaya nake roƙon a kafa tun farko, domin tashen namu ma bai kuɓuta daga wannan ba, kamar yadda duk wanda ya kalli wasan Macukule ya sani: raha tana da iyaka. Barkwancin da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ya daɗe ne saboda kowane ɓangare yana da damar ramawa. Amma gurgu da makaho da baƙon da ke unguwa shi kaɗai ba su da wannan dama, kuma giba ba ta zama halal don an sanya mata fukafukai. Yaron da ya kawo dodo mai tafiyar maƙwabcinsu ko mai muryar wani malaminsu, uban wasa ya mayar masa da takardarsa ya ce ya je ya sake wani.